FASHIN BAƘI: Yadda sunan gari ya rikiɗe ya zama sunan iyali a ƙasar Hausa

Duk wanda ya duba jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata a Kano zai ci karo da masu ɗauke da Minjibir, Kunya, Wasai ko Kantama a ƙarshen sunansu. Dukkansu garuruwa ne a Ƙaramar Hukumar Minjibir. Takardun gwamnati suna ɗaukar irin wannan a matsayin sunan iyali da ake gado, alhali ba haka ya faro ba.

Kafin zuwan boko

A al'adar Bahaushe, ana raɗa wa jariri sunan yanka ranar bakwai, sai kuma laƙabi ya biyo baya, kamar Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu ko Tanko. Idan ana son bambance shi da wani mai sunansa, sai a ce ɗan wane, ko a jingina shi da sana'ar gidansu, ko da sarautar mahaifinsa. Gidajen sarautar Fulani na Kano kuwa an san su da sunayen zuri'a, irin su Sulluɓawa, Yolawa, Joɓawa da Dambazawa. Sai dai babu al'adar riƙe kalma guda daga kaka zuwa jika a rubuce. Kowane ɗa yana ɗaukar sunan mahaifinsa ne, don haka suna na biyu yana sauyawa duk bayan tsatso ɗaya.

A cikin garin Minjibir babu mai kiran maƙwabcinsa "Minjibir", domin kowa ɗan garin ne. Sunan yana da amfani ne kawai idan mutum ya bar gida, kamar masaƙin da ya kai hajarsa Kasuwar Kurmi, ko almajirin da ya tafi neman ilimi.

Rajista ce ta kafe shi

Lamarin ya sauya da zuwan makarantun boko, tun daga wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Aji guda kan tara Muhammadu da Abubakar da yawa daga garuruwa daban-daban, kuma rajista tana buƙatar abin da zai raba su. Hanya mafi sauƙi ita ce sunan gari. Ta haka tarihi ya san Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. A Kano ma, Rimi ƙauye ne a Sumaila, Kwankwaso a Madobi, Ganduje kuma a Dawakin Tofa, kafin su zama sunayen gwamnoni.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Sifaniya, ɗafin "ez" da ke ƙarshen Fernández da Martínez daidai yake da "ɗan" a Hausa: ɗan Fernando, ɗan Martín. Wasu kuma sunan gari suka ɗauka, kamar Toledo, ko Medina wanda ya fito daga kalmar Larabci ta madina tun zamanin Andalus. Littattafan baftisma na coci, sannan rajistar gwamnati ta 1870, su suka daidaita waɗannan sunaye har suka zama gado. Bambancin shi ne, abin da ya ɗauke su ɗaruruwan shekaru, mu muna yinsa cikin ƙarni ɗaya.

Me ya sa wannan ya shafi matasa?

Na farko, batun takardu. Hukumar NIMC, da aka kafa a 2007, tana neman sunan iyali tsayayye, kuma tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajista. Yaron da takardar firamarensa ke ɗauke da sunan mahaifi, ta sakandare sunan gari, katin ɗan ƙasa kuma sunan kaka, shi ne ke yawon rantsuwa a kotu kafin ya samu gurbin karatu ko ya gyara asusun banki.

Na biyu, batun siyasa. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi raba muƙamai bisa daidaito, abin da ya sa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aiki da tallafin karatu. A mazaɓar tarayya kamar ta Minjibir da Ungogo, sunan gari a jikin fosta na iya zama kamfe shi kaɗai. Amma sunan ba hujja ba ne. Akwai jikan da aka haifa a Legas yana amsa Minjibir bai taɓa kwana a garin ba, akwai kuma manomin da kakanninsa suka yi noma a Wasai amma babu sunan gari a katinsa.

Saboda haka, hikima ga iyaye ita ce su zaɓi tsari ɗaya tun daga takardar haihuwa, su riƙe shi a kowace takarda. Ga mai zaɓe kuwa, ya tuna cewa sunan gari a ƙarshen sunan ɗan takara yana nuna inda wani nasa ya fito ne, ba ya nuna abin da shi ya yi wa garin.