YADDA AKE GANIN CIKIN ƘWAYAR ZAZZAƁI

Mu 'yan Miga ba sai an gaya mana sauro ba. Da zarar Kogin Haɗeja ya cika, ruwa ya kwanta a fadamu da gonakin shinkafa, sai zazzaɓi ya shiga gida-gida. A asibiti akan ɗiga jini a gilashi a duba da madubin likita. Ta haka ne Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar a Aljeriya cikin 1880. To, amma madubin da ke aiki da haske yana da iyaka: abin da bai kai kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba ya fi ƙarfinsa.

A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da ilektoron a Jamus. Sai dai cikinsa babu iska ko kaɗan, ita kuwa ƙwayar halitta yawancinta ruwa ce. Dole sai an busar da ita, kamar a ce mutum ya nazarci saniya ta hanyar duban kilishi!

Me zai hana a daskarar da ita? Duk wanda ya taɓa ajiye tumatir a firiza ya san amsa. Ƙanƙara takan yi tsini-tsini, ta huda naman, ya lalace. A farkon shekarun 1980 Jacques Dubochet da abokan aikinsa a Heidelberg suka gano dabara. Sukan tsoma samfurin farat ɗaya cikin ruwan iskar itan da aka sanyaya da ruwan naitirojin. Saboda saurin, ruwan ba ya samun damar yin tsini, sai ya sandare kamar gilashi, kome na ciki yana inda yake. Wannan aiki ya ba shi rabon Kyautar Nobel ta 2017 tare da Joachim Frank da Richard Henderson.

Idan ƙwayar ta yi kauri, sai a fere ta da tsirkiyar ƙarfen galiyam har ta zama siririya. Sa'an nan a riƙa karkata ta kaɗan-kaɗan, har wajen digiri 60 kowane gefe, ana ɗaukar hoto. Kwamfuta ta haɗa hotunan, ta fito da siffa mai tsawo da faɗi da kauri, kamar yadda mai sayen tulu kan jujjuya shi kafin ya biya.

An yi wa ƙwayar zazzaɓi wannan aiki, an ga ƙashin bayanta na siraran bututu da kayan da take huda ƙwayar jini da su. Masu haɗa magani suna bukatar wannan sani, domin kuwa kulorokwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina ci, har Nijeriya ta sauya shi a 2005.