Kamun Kifin Argungu: Tsakanin Dokar Ruwa da Taron Baƙi

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi a gulbin Matan Fada, ya samu siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya gagarumin su domin karrama shi. Ziyarar ta kawo ƙarshen gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato tun daga 1805, shekarar da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi, wanda hakan ya sa daga baya zuriyar Kanta, wato sarakunan Kabi, suka mai da Argungu mazaunin sarautarsu. Sai dai al'adun da aka ɗora bikin a kansu sun girme shi nesa ba kusa ba, musamman Gyaran Ruwa, wato tsarkake gulbi kafin a shige shi, da Fashin Ruwa, wato buɗe shi ga masunta bayan an daɗe da hana su taɓa shi.

A wannan hanin ne amfanin al'adar ya fi bayyana, ko da yake shi ne abin da 'yan kallo suka fi mantawa da shi. Idan Sarkin Ruwa, wanda shi ne mai kula da gulbi a madadin masarauta, ya rufe Matan Fada tsawon shekara, kifi yakan samu sararin hayayyafa da girma, kuma da yake ranar buɗewa ba a yarda da wani makami ba sai homa, wato ragar hannu, da goran da masunci ke kwanciya a kai, ba a share ruwan ƙarƙaf. Abin da masana a yau ke kira kare albarkatun ruwa, Kabawa sun daɗe suna yin sa ba tare da ma'aikata ko kasafin kuɗi ba. Babban kifi mai kilo 75 da ya ci gasar 2005 ɗan wannan haƙuri ne.

Matsalar ita ce gulbin ba ya hannun Sarkin Ruwa shi kaɗai yanzu. Madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan Rima sun rage ambaliyar da ke cika fadamu inda kifi ke ƙwai, sannan bunƙasar noman shinkafa na rani, musamman bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, ta ƙara yawan injinan da ke zuƙar ruwa. Ba wanda zai zargi manomi da neman abinci, amma ruwa ɗaya ne ake rabawa. Tun a 2006 ƙarancin ruwa ya sa aka hana shiga gulbi a lokacin bikin.

Sauyi na biyu daga hannun hukuma ya zo. Tun da gwamnati ta karɓi ɗawainiyar taron, aka ƙara masa baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe da manyan kyaututtuka, sunan Argungu ya zaga duniya, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun bil'adama a 2016. Kuɗi ya shigo wa masu masauki da 'yan kasuwa da makaɗa, amma kuma bikin ya koma jiran aljihun gwamnati da halin tsaro, shi ya sa bayan na 2009 ba a sake yin sa ba sai a Maris na 2020, abin ban mamaki ma karramawar UNESCO ta same shi ne yana kwance. Girman kyauta shi ma ya zo da nasa, domin a 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bisa zargin cewa kifin ba a Matan Fada aka kama shi ba.

Wasu sassan tsofaffin al'adun, kamar neman yardar iskokin ruwa, sun ja baya saboda ƙarfin koyarwar addini, kuma da wuya a ce bikin ya yi asara da hakan, tunda kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa, na nan da ransa. Abin da ba shi da madadi shi ne sanin gulbi da ake gada daga uba zuwa ɗa, kuma shekara goma sha ɗaya da aka yi ba biki ta isa yaron da ya kamata ya koyi riƙon homa ya girma yana tuƙa babur a Birnin Kebbi.