Wuƙa A Daji: Kayan Aikin Da Ke Haifar Da Sauran Kayan Aiki

A shekarar 1991 wasu masu hawan dutse suka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Austriya. Bincike ya nuna ya rasu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce, aka laƙaba masa suna Otzi. Cikin kayansa akwai 'yar wuƙar dutse mai mariƙin itace, da kubenta da aka saƙa da zaren ɓawon bishiya. Tun wancan zamani matafiyi ya gane abin da makiyayi da mafarauci suka sani a yau: duk wanda zai kwana a daji, wuƙa ce abin da bai kamata ya bari a gida ba.

Dalilin kuwa shi ne wuƙa ce ke samar da sauran abubuwan da mutum ke buƙata. Wanda dare ya riska a dawa yana neman wuta da mafaka da ruwa da abinci, kuma kusan kowanne sai an yanka ko an fere wani abu. Da wuƙa ake kankare busasshen itace a samu ɓarɓashin da zai kama wuta ko da raɓa ta jiƙa waje. Da ita ake ɓare ɓawon kuka a tufka igiya, a yanko kaba a rufa bukka, a fiƙe sanda ta zama abin tonon saiwa, a kuma feɗe kifi ko zomo. Ashana takan ƙare, batirin waya yakan mutu, amma wuƙa ba ta neman komai sai dutsen wasi da ɗan mai don hana tsatsa.

Wasu za su ce adda ko gatari sun fi ta aiki. Gaskiya ne wajen sare reshe mai kauri, sai dai ba a cire ƙaya daga tafin ƙafa da gatari, kuma nauyinsa kan sa a ajiye shi a masauki, alhali wuƙa na ɗaure a ƙugu ko a damtse kamar yadda Buzaye suka saba. Wasu kuma na kallonta a matsayin makami kawai. Wannan damuwa tana da tushe, shi ya sa wajibi ne a kiyaye dokar gari game da yawo da ita, a bar ta cikin kube sai aiki ya taso.

Sharaɗi biyu ne: ta zama mai kaifi, mai riƙe da ita kuma ya san aikinta. A 2003 dutse ya danne hannun Aron Ralston a wani kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka, ya shafe kwana biyar a maƙale, daga bisani ya yanke hannun da dakusasshiyar wuƙa ya tsira. Wuƙar ta cece shi, amma dakushewarta ta ƙara masa azaba. Rashin sani ma illa ne: tsaga wurin saran maciji ba ya fitar da dafi, sai ƙara rauni, asibiti ake garzayawa. Don haka mai shirin shiga daji ya wasa wuƙarsa tun a gida, ya kuma saba wa hannunsa fira da yanka kafin ranar da ransa zai dogara a kansu.