Maganin Mura Da Ke Komawa Dafi

Malamai da fatake na Augie da Argungu da Birnin Kebbi, ga bayani game da wani kaya wanda ke magani a hannun likita, amma dafi ne a hannun mugu.

Sunansa efedirin. Fari ne kamar gishiri, da shi da ɗan'uwansa ake haɗa waɗansu magungunan mura da na asma. Amma in miyagu suka dafa shi da waɗansu sinadarai, sai ya koma ƙwaya mai suna metamfetamin, wadda ke hana mutum barci kwana da kwanaki, ta ƙarar da jikinsa, ta taɓa hankalinsa. Haka kuma garin famanganet, wanda ke mai da ruwa shunayya a wanke gyambo da shi, da shi ake tace hodar iblis a Amurka ta Kudu.

Da hukumomin duniya suka ga hana waɗannan kaya ɗungum zai cuci marasa lafiya, sai suka yi wata dabara. A 1988 ƙasashe suka taru a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, suka ƙulla alkawari ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka jera sunayen sinadaran da za a sa wa ido. Sharaɗin shi ne, kowace ƙasa ta san mai sayarwa da mai saye da yawan kayan. Kafin kaya su tashi, ƙasar da za su fito takan aika wa ƙasar da za su sauka labari, in ba a san mai odar ba, a tsai da su. Nijeriya ta shiga alkawarin a 1989, a shekarar nan kuwa ta kafa hukumar NDLEA. Izinin shigo da efedirin yana hannun hukumar NAFDAC.

Duk da haka ɓarna ta sami ƙofa. A 2011 aka gano gidan dafa ƙwayar nan na farko a Legas. A 2016 aka kama wani babba a Asaba, har da mutanen Meziko huɗu. Hanyar da miyagu suka fi bi ita ce su shigo da kaya da sunan magani, sa'an nan su karkatar da shi.

To, ina ruwan Augie da wannan? Ruwanta shi ne, ƙasar Kabi ƙasar kan iyaka ce, tana maƙwabtaka da Nijar da Benin. Falke ko mai mota da ke bin hanyar Kamba, ba ya rasa mai ba shi saƙon buhu ko kwali, a ce kai wa wane. In kayan suka zama irin waɗannan, babu takardar izini, shi aka samu da su, shi zai amsa tambaya, mai kayan kuwa ya ɓace.

Malaman fikihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala, inda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, ko da yake inabi halal ne. Saboda haka falke ya tambayi abin da ke cikin ƙunshi, ya nemi ganin takarda. In ladan ɗauka ya wuce ƙima, lalle ya yi tsokaci. Wanda ya ƙi a buɗe kayansa, a bar masa abinsa.