Idan Zare Yana Ba Ku Wahala Wajen Ɗinkin Bargon Ƙyallaye

Mata da yawa a ƙauyukanmu sun iya haɗa ƙyallayen atamfa su ɗinka bargo, a shimfiɗa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a sa yadi a baya. Sana'a ce mai kawo kuɗi da hunturu. Amma kukan da aka fi yi shi ne, keke yana ɗinka riga lafiya lau, da an sa masa bargo sai zare ya riƙa tsinkewa ko ya cukurkuɗe a ƙasa. Wasu har sukan kai kan keken gari wurin mai gyara, ga kuɗin mota ga kuɗin aiki, alhali gyaran bai wuce na minti goma ba.

Yadda keke yake ɗinki

Keke irin Butterfly ko Singer da zare biyu yake aiki: na sama da ke bi ta allura, da na ƙasa da ke cikin kwarkwaro. Kowanne yana jan ɗan'uwansa. In ƙarfinsu ya zo ɗaya, inda suka sarƙe yakan ɓuya a tsakiyar yadi. Bargo hawa uku ne, saboda haka saitin da ya yi wa riga ba lallai ya yi masa ba.

Ku fara gwaji

Ku haɗa ɗan ƙyalle mai hawa uku irin na bargon. Ku sa jan zare a sama, fari a ƙasa, ku yi ɗinki layi ɗaya, sa'an nan ku duba gaba da baya.

In jan zare ya fito a baya yana lilo, zaren sama ne ya yi sako-sako. A nan mutane suke ruɗewa: sun ga ɓarna a ƙasa, sai su hau kwance kwarkwaro, alhali laifin na sama ne. Ku zare zaren gaba ɗaya, ku ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, ku sake sa shi. Sai an ɗaga wannan ƙarfe faifai biyun nan da ke matse zare suke buɗewa ya shiga tsakaninsu. In bai gyaru ba, ku murɗa abin matse zaren, wanda teloli ke kira tenshan, zuwa dama kaɗan.

In kuwa farin zare ne ya leƙo sama, ko ɗinkin ya tattare, ko zare yana tsinkewa, to na sama ya matse da yawa. Ku murɗa zuwa hagu. Kaɗan-kaɗan ake yi, ana gwadawa bayan kowace murɗawa.

Abubuwan da akan manta

Allura. Lamba 14 ta isa bargo mara kauri, mai kauri kuwa sai lamba 16. Allurar da ta dakushe ko ta lanƙwashe tana tsallake ɗinki, a canja ta.

Zare. Na sama da na ƙasa su zama kauri ɗaya. Tsohon zaren da ya sha rana tsinkewa yake yi, kome gyaran keke.

Tazarar ɗinki. Ku ƙara ta kaɗan, kamar milimita 3, don hawa uku su wuce ba tattarewa.

Datti. Auduga tana zubar da gashi, ga kuma ƙurar hunturu. Ku share ƙarƙashin allura da tsohon buroshin haƙori, ku ɗiga man keke. Kada ku sa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya riƙe keke.

Nauyin bargo. In ya zubo ƙasa yana jan allura. Ku ajiye tebur ko benci a gefen hagu ya ɗauke nauyin, kada kuma ku ja bargon da ƙarfi, ku bar haƙoran keke su tura shi.

Ƙaramar kusar da ke jikin gidan kwarkwaro ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. Ku kama bakin zaren ku rataye gidan, ku ɗan girgiza. In ya sauko kaɗan ya tsaya, lafiyarsa ƙalau, ku bar shi. In ya sulale ƙasa, ku murɗa kusar zuwa dama, kada ya wuce rubu'in zagaye. Ku yi wannan a kan faranti, domin in kusar ta faɗi cikin yashi ba za ku sake ganinta ba.