Kafin ka sauka gaɓar tekun Fiji, ka san masu wurin

Duk wanda ya ga hotunan tsibiran Mamanuca da Yasawa, farin rairayi da ruwa garai-garai, zai ɗauka wuri ne da ba shi da mai shi. Ba haka abin yake ba. Fiji ƙasa ce a kudancin tekun Pasifik mai tsibirai fiye da 330, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na filayenta mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake kira iTaukei. Ba a sayar da irin wannan fili, sai dai haya. Otal-otal da yawa na bakin teku a kan filin haya suke. Hatta wuraren kamun kifi, kowane dangi ya san iyakar nasa.

Saboda haka idan baƙo ya bar harabar otal ya nufi ƙauye ko gaɓar da ke kusa da shi, neman izini ne farkon aikinsa. Ana yin sa ta hanyar al'adar sevusevu. Baƙo zai sayi ƙullin busasshiyar saiwar kava a kasuwar garin Nadi ko ta Suva, a naɗe masa a takarda, ya nemi mai unguwar ƙauyen ya kai shi gaban basarake. Matsayin saiwar nan a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu. Za a zauna a kan tabarma a tanƙwashe ƙafa, a daka saiwar, a dama da ruwa a cikin babban akushin katako, a riƙa miƙawa a ƙoƙon kwakwa. Mai karɓa yakan tafa hannu sau ɗaya, ya ce "bula", ya shanye a tashi ɗaya, sannan ya tafa sau uku. Daga nan ya zama baƙon gari, haƙƙin kula da shi ya hau kansu. Kava ba giya ba ce, amma tana sa leɓe da harshe su yi nauyi, jiki ya mutu. Wanda ba zai sha ba sai ya sanar da ɗan rakiyarsa tun kafin a zauna.

Kai abu ne mai alfarma a wurin mutanen Fiji. Ba a shafa kan kowa, ko da yaro ne, kuma ana cire hula da tabarau idan an shiga ƙauye. Kayan ninƙaya iyakarsu otal. A cikin gari, namiji da mace kowa zai rufe kafaɗu da gwiwoyi, galibi da zanen da suke kira sulu. A cire takalmi a ƙofar gida. Ranar Lahadi kuwa ta coci da hutu ce, ba a son ziyarar ba-zata.

A cikin ruwa ma akwai doka. Ƙauyuka kan haramta kamun kifi a wani yanki na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa. Kada a taka murjani ko a ɓalle shi, domin halitta ce mai rai, kuma shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari.

Musulmi ya yi tambaya kafin ya sa hannu a lovo, gashin da ake yi a rami bisa duwatsu masu zafi, don sau da yawa akwai naman alade a ciki. Abincin halal ba ya wuyar samu a Nadi da Lautoka da Suva, inda akwai masallatai na jikokin Indiyawan da Turawan Ingila suka kawo aikin rake tsakanin 1879 da 1916.

A kuma lura da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne kakar guguwa, kuma guguwar Winston ta Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44. Mayu zuwa Oktoba ya fi kwanciyar hankali.

Mai niyyar zuwa Fiji ya tanadi zanensa da ƙullin saiwarsa kamar yadda ya tanadi tikitinsa. Baƙon da ya yi sallama ba ya rasa masauki.