Hutun ƙungiya a Zanzibar: Abin da hoton otal ba zai gaya muku ba

A 'yan shekarun nan tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ya shiga bakin masu zuwa hutu daga Najeriya, har da 'yan Arewa. Ƙawayen amarya, tsofaffin ɗalibai, abokan aiki da ke zuba adashi, kowa ka taɓa sai ya ce can ya nufa. Dalilin a fili yake: mafi yawan mazauna tsibirin Musulmi ne, abincin halal ba wuya, ga masallatai a kowane ƙauye, kuma ana iya tashi daga Kano ko Abuja a sauya jirgi a Addis Ababa.

Sai dai wuyar ba ta isa tsibirin ba ce, ta zaɓen masauki ce. Idan mutum goma suka haɗa kuɗi suka damƙa wa ɗaya ya nemo otal, kuskure guda ya isa ya cinye miliyoyin naira, ya kuma bar tabo a zumuncin da aka daɗe ana ginawa.

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne ɓangaren tsibirin da otal ɗin yake. A gabar gabas, wato Paje da Jambiani da Kiwengwa da Matemwe, teku na janyewa sau biyu a kowace rana, wani lokaci har ya yi nisan ɗaruruwan mitoci. Wanda ya fito da hantsi da niyyar shiga ruwa zai iya tarar da fili fetal, sai duwatsu da gonakin ciyawar teku da matan yankin ke nomawa. Lokacin janyewar kuma yana matsawa da kusan minti 50 kullum, don haka ba a yi masa jadawali ɗaya na mako. Hotunan talla kuwa duk a lokacin cikar ruwa ake ɗaukar su.

A arewa, Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, ana iya wanka kusan ko da yaushe. Amma wannan daɗin da farashinsa: cunkoso, tsadar ɗaki, da kiɗa har tsakar dare. Kendwa ma ta yi suna da bikin cikar wata da ake kwana ana rawa. Ƙungiyar samari ba za ta damu ba, amma wadda ta zo da iyaye da ƙananan yara za ta ji a jikinta.

A ganina, ƙungiyar da yawancinta ba su iya iyo ba, kamar yadda akasarinmu 'yan tudu muke, ba ta yi asara ba idan ta zaɓi gabas. Ruwan ba zurfi, bakin tekun shiru, ɗakuna sun fi sauƙi. A dai tabbatar otal ɗin yana da wurin ninƙaya mai kyau, a kuma sayi takalmin shiga ruwa saboda ƙayar wasu halittun teku.

Sai batun abinci, inda kuɗi suka fi zurarewa. Manyan otal-otal na sayar da tsarin da ya haɗa kwana da ci da sha duka a farashi ɗaya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wani kaso na kuɗin na barasa ne. Ƙungiyar da ba mai sha a cikinta ta biya wa wasu ke nan. Tsarin karin kumallo da abincin dare kaɗai yakan fi dacewa, tunda da rana galibi ana waje: yawon gonakin kanumfari da kirfa, dajin Jozani mai jajayen birai, ko tsibirin Changuu mai manyan kunkuru. Kuma kasancewar tsibirin na Musulmi bai hana wasu otal-otal da ke karɓar Turawa dafa naman alade ba. A tambaya a rubuce kafin a biya.

Ga ƙungiyar da ta kai mutum takwas zuwa sama, akwai wata hanyar: kama gida sukutum mai ɗakuna da yawa, da mai dafa abinci da wurin ninƙayarsa. Mata za su sake ba tare da idon baƙi ba, a yi sallah a jam'i, a sa a dafa abin da ake so. Illarsa ita ce idan wuta ko ruwa suka ɗauke, ba lallai a sami ma'aikaci a kusa da dare ba. A kuma kula, wasu otal-otal na manya ne zalla, ba sa karɓar yara.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu ake ruwa mai ƙarfi, shi ya sa farashi ke faɗuwa, wasu wuraren ma rufewa suke yi. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, ƙarshen Disamba kuma ya fi tsada.

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a tallar otal. Tun daga 1 ga Oktoban 2024, hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi sayen inshorar dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatin tsibirin, ko da mutum yana da tasa. Akwai harajin kwana da ake caji kan kowane mutum, ga kuɗin mota daga filin jirgin Abeid Amani Karume, wanda zuwa Nungwi tafiyar sama da awa guda ce. Masu fasfon Najeriya da Nijar kuma suna cikin waɗanda Tanzaniya ke tantance takardunsu kafin ba da biza, don haka a nema tun da wuri, a riƙe katin rigakafin shawara.

A nan ne tsarin biyan kuɗi ke da muhimmanci. Ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa ya fi araha, amma idan bizar mutum biyu ta makale, wa zai ɗauki asarar? A yanke wannan tun kafin a tura ko sisi, a rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiyar: wa zai kwana da wa, nawa ne kason kowa, ranar ƙarshe ta janyewa. Mai riƙe da kuɗi kuma ya nemi shaidar kama ɗakuna daga otal ɗin kansa, ba daga dillalin Instagram kaɗai ba, ya kuma tura ta kowa ya gani.